Ni Na Soke Wayar, Ba Fuseini Ba

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya ja mini intanet a Sabonjida, Tamale.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan aiki lafiya. Ranka ya daɗe, ƙorafi na kawo, amma rabinsa a kaina zai ƙare, shi ya sa na rubuta a fili.

Na ɗaya. Layin waya ba ya kamawa a gidana, don haka watan jiya ma'aikacinku Fuseini ya haɗa mini modam mai shigo da intanet, da rauta biyu masu watsa shi cikin gida, da suwici, wato akwatin da ke raba wayoyi zuwa ɗakuna. Ya bar wata shuɗiyar waya, kai ɗaya a soke a jikin suwicin, ɗayan yana lilo. Ya ce ta ɗakin baƙi ce, kada a taɓa sai an gama silin.

Na biyu. Ranar sunan jikata ina gyaran falo kafin malamai su iso. Ni tela ne, ba na iya ganin zare yana lilo in ƙyale. Na ga rami a jikin suwicin babu komai, na soke wayar, har ina yaba wa kaina. Nan take intanet ya ɗauke. Ɗana, uban jaririyar, yana Takoradi wurin aiki, yana jiran ya ga raɗin sunan 'yarsa ta bidiyo. Bai gani ba. Na kira ofishinku a gaban jama'a, na ce Fuseini jabun kaya ya sa mini. Wallahi wayar da na soke ta faɗo mini a rai, na danne.

Na uku, ga ƙorafin. Kun dakatar da shi daga aiki, ba ku aiko kowa ya duba ba. Don kawai an ce Alhaji ne ya kira? Alhajin bai san bambancin modam da rauta ba!

Jiya Fuseini ya taso daga Sagnarigu da man babur ɗinsa, ba wanda ya aiko shi. Ya zare kan wayar, komai ya dawo. Ya ce in kai biyu suka shiga suwici ɗaya, saƙo zagaye yake ta yi har ya toshe gidan. Matata ta tambaye shi wa ya soke ta. Ya dube ni, ya ce mata irin wannan yakan faru, Hajiya. Mutumin da na ci wa mutunci shi ya rufa mini asiri. Kunya ta hana ni cin tuwo.

Ina roƙon ku mayar da shi bakin aikinsa, ku goge wannan ƙara daga takardunsa. Gaba kuma ku riƙa bincike kafin hukunci, ko wane ne ya kira.

Allah ya ƙara maka adalci, ya tsare ka daga kwastoma irina. Hajiya ma a wannan wasiƙa za ta ji amsar tambayarta, don sai na karanta mata kafin in aiko.

Wassalam.

Alhaji Sani Tela,
Sabonjida, Tamale.