Gonar Baba Ba Ta Mutu Ba

Alsawra, Omdurman
3 ga Afrilu, 1985

Yaya Muntari,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake, kada ku biye wa rediyo. An dai rufe makarantarmu ta aikin gona saboda zanga-zangar da ake yi a gari, Gogo Kulu mai masaukina kuma ta hana ni leƙa ko ƙofar gida.

Na ji kana neman mai sayen gonar Baba, wai ta mutu. Ba ta mutu ba. Na auna ƙasar da ka aiko: tsami ta yi, kuma farin takin zamanin da kake zubawa duk shekara ne ya jawo. Masara ba ta iya cinsa, sai ruwa ya wanke. Bana ka zuba toka da kashin shanu, ka shuka gyaɗa, saiwarta ce ke mayar wa ƙasa ƙarfinta. Allah Ya ba da damina mai albarka.

Ranar da zan kai ƙasar awo, wani soja ya tare ni a kan gada, ya zazzage ƙullin a titi. Na durƙusa gaban bindigarsa na tattare ta da hannuna. Ƙulli ɗaya ke nan, Yaya. Kai gona guda ce a hannunka.

Ƙanwarka,
Sakinatu