Wuƙar Albasa a Wuyan Hajo

Yaya Umaru,

Ina gaisuwa. Ya iyali, ya aiki?

"Na tsaya wa Garba, ba zai ƙara taɓa ɗiyarki ba." Haka ka ce ranar da ka mayar da Hajo ɗakinta a Aliero.

Ran Talata Garba ya kalli fim a Jega, na sarkin Ingila mai aure shida da ya sa aka sare kan matarsa. Ya dawo yana dariya, ya ɗora wa Hajo wuƙar yankan albasa a wuya, wai shi ma sarki ne. Ɗinki huɗu aka yi mata. Na karanta tarihin sarkin nan, biyu ya kashe.

A gaida yara, a sa mu a addu'a.

In Juma'a ta wuce ba ka karɓo takardar sakinta ba, zan kai wa alƙali zanenta da jininta a jiki.

Ƙanwarka,
Balkisu