Baƙar ko Jar

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024
Babaji mai hayar kayan sauti na Ƙofar Sauri ya aiko mana da amfilifaya biyu, na'urar ƙara sautin jita, baƙa da ja. Ni da ƙanena Umair kowa zai ɗauki guda don bikin Asabar a GRA. Tun haɗarin babur ɗin da na yi ban sake riƙe jita gaban jama'a ba. Yatsu biyu na hannun hagu har yanzu sai na lallashe su. Amma ni ke jan gaba da jita a ƙungiyarmu ta kiɗa, Umair na riƙe bugun baya. Haka muka saba.

Talata, 15 ga Oktoba
Baƙar, wayyo Allah! Ka murɗa maɓallinta sama, ka ɗan taɓa tsirkiya, sai ta yi ta jan sautin tana kuka, ba sai ka danna da ƙarfi ba. Jar kuwa ba ta da kara. Sautinta a ɗaure yake ƙam, abin da ka buga shi za ta faɗa, ta yi shiru. Da na haɗa tsirkiyoyi da yawa a baƙar sai suka cakuɗe kamar kunu, a jar kowace ta fito daban.
Baƙar tawa ce. Na ji daɗi yau, wallahi.

Laraba, 16 ga Oktoba
Matata Delu tana tankaɗe a tsakar gida ta ɗaga murya: "Malam, kukan na da daɗi, amma ina gudun yatsun nan naka?" Matar nan da kunne! Na ce mata kiɗa ba tsere ba ne. Na rufe ƙofa na sake gwada gudun. Yatsun sun ƙi. Baƙar tana rufa mani asiri ne kawai.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Ban taɓa jita ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Na dawo daga masallaci, tun daga zaure na ji baƙar tana magana. Irin gudun nan nawa, har da wani lanƙwaso da ban taɓa yi ba. Na yi tsaye da takalmi a hannu. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Da na shiga Umair ya zabura zai aje jitar: "Yaya, wayar jitar nake dubawa." Waya! Na ce mashi ya ci gaba, ni ma jar zan duba.
Na soma bugun baya. Ashe nan hannun dama ke mulki, kuma nawa lafiyarshi lau. Jar tana cizo daidai inda na sa ta. Na tsuke, Umair ya hau. Na sassauta, ya sauko. Duk shekarun nan haka yake ɗauke da ni ban sani ba? Har la'asar ba mu tsaya ba. Delu ta leƙo ta rangaɗa guɗa.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Jiya an yi biki, an yi rawa har kujeru suka koma gefe. Uwar amarya ta aiko a tambayi sunan mai jan gaba. Ni na karɓi makirfo na faɗi sunan Umair, da ƙarfi kuwa.
Ba wai na bar gaba ba ne. Jar ce dai ta fi dacewa da hannuna. Na ce wa Babaji ya riƙa aje mani ita.