Tukunyar Ƙarfe da Launin Nazifa

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Rekiya, matar marigayi Ladan baduku, nake rubuta wannan a Ƙauran Namoda, da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Ƙafafu ne suka kumbura, kai lafiya lau. Da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, in kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri. Zuwa gare ku, Mu'awiya, Imrana da Nazifa.

Na ɗaya. Gado, malam zai raba yadda shari'a ta ce. Abin da zan ambata kyauta ce, na riga na bayar gaban shaidu.

Na biyu. Tukunyar ƙarfe ta babanku ta Nazifa ce. Kun san a gidanmu maza ke rina fata, mata ɗinki kawai. Da muka baro Birnin Tsaba a guje, tukwanen ƙasa na rini duk suka fashe a hanya. Nazifa ta dafa karan dafi cikin wannan mai tsatsa, abin da ba badukun da zai yi, don ƙarfe na kashe ja. Fatar tunkiyar ta fito da duhu. Mu'awiya, ka ce a jefar. Ba ta jefar ba. Ta ƙara kanwa, ta rage, ta matsa lemun tsami, ta shanya a rana ta ga ko zai koɗe, ta goga a farin mayafina ta ga ko zai zuba. Damina ta wuce, kaka ta wuce, hannuwanta sun rine har 'yan uwanta mata na yi mata dariya a biki. Ni kuwa ina ta tsoron fatun da ake ɓatawa. Sai ranar da ta ajiye mini takalmi gabana, ba ja ba, ba baƙi ba, kamar ɗinya ta nuna rana ta taɓa ta. Babanku ya yi shekarunsa cikin fata, bai taɓa fitar da irinsa ba. Da na sa shi na je aji, malamarmu ta manta da allo tana kallon ƙafata.

Na uku. Imrana, kada ka daina shuka karan dafi a gefen dawarka ta Zurmi, ko mutane sun ce asarar fili ne. Na kasuwa ba ya ba da wannan launi, ta gwada. Amma in hanya ba ta da kyau, kada ka hau babur. Fata za ta iya jira.

Na huɗu. Iyatu, Bafulatanar Galadi, ita ta ba da fatun gwaji na farko. Na yi mata alkawarin takalmi, ban cika ba. Ƙafarta siririya ce, a auna.

Na biyar, shi ke hana ni sukuni. Mu'awiya, basilla da wuƙaƙen babanku naka ne, ba mai yanka kamarka. Amma a kasuwar Shinkafi kana ce wa mata kai ka fito da launin, don kunyar a ji mace ta rina. Tun da labari ya iso kunnen ƙanwarka ta kife tukunyar, ba ta ƙara hura mata wuta ba. Takalman da ke rumfarka su ne na ƙarshe. Ban ce ka durƙusa ba. In mai saye ta tambaya, ka ce launin Nazifa ne. Ke kuma ɗiyata, ranar da kika ji ya faɗa, ki tayar da tukunyar, kada ki ja rai.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare hanyoyinku, Ya sa ku gama da duniya lafiya. Na yafe muku, ku yafe mini. Ɗaya ya shuka, ɗaya ta rina, ɗaya ya yanka, kada ku bari a raba ku. Takalmina na farko yana ƙarƙashin gado. Mu'awiya, kai za ka ɗauko shi, ka kai wa Nazifa da hannunka.