Tiyon da ke Cikin Katangar Hawwa'u

Kurfi, 9 ga Agusta, 1964

Zuwa ga ƙanwata Hawwa'u,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Rabe magini ya zo nan jiya, ya ce katangar da ke tsakaninki da Zinariya ta zube, an ga tiyon roba a cikinta. Ya ce maganar ta cika unguwa, wai ruwan gidanmu kike tura wa kuturwa. Gidan nan na mahaifinmu ne, da sunansa ake kiransa. Ina son in ji gaskiya daga bakinki. Wassalam.

Yayanki, Malam Ilu

Dutsin-Ma, 14 ga Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa, a gaida matarka Kulu da yara. Rabe bai yi ƙarya ba.

Ka san Zinariya, tare muka yi tallar gyaɗa muna yara. Da ta dawo daga asibiti bara, likita ya ce ta warke, amma yatsunta sun tafi. Na gan ta a rijiyar unguwa tana jan igiya da haƙori. Dada, matar mai unguwa, ta ce mata, “Kar guganki ya ƙara shiga nan.” Ba wadda ta tanka. Har ni.

Da na koma gida na ɗauko tiyon mota da marigayi mijina ya bari. Ni da kaina na huda katanga, na zura shi, na shafe da laka. Sai in ɗura ruwa a duro ta nan, ya zuba a randarta ta can. Kuskurena ɗaya, na binne roba inda ido ba ya kai. Ta tsage a mahaɗi, tana yoyo a ciki ban sani ba, damina ta zo ta ƙarasa katangar. Allah ya tsare, akuya ma ba ta danne ba.

Ruwan kuwa na Allah ne, Yaya, ni ɗebowa kawai nake.

Ƙanwarka, Hawwa'u

Kurfi, 20 ga Agusta

Hawwa'u,

Bayan gaisuwa. Ban ce ki ƙi tausayi ba, amma tausayi da hankali ake yinsa. An ce mini masu sayen ƙosanki sun watse, kin kwana biyu kina mayar da ƙullu gida. Da me za ki ci da marayu? Kuma 'yarki Saudatu ta girma, wa zai nemi aure a gidan da ake nunawa da baki? Na umarci Rabe ya tayar da katangar, ya jefar da tiyon. In kika saɓa, ƙafata ba za ta ƙara taka gidan ba. Allah ya shirye mu.

Malam Ilu

Dutsin-Ma, 2 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa, da girmamawa. Tiyo kam an jefar, wannan na bi maganarka. Rabe ya ce roba ba ta zaman cikin bango, ko yau aka sake binne ta haka za ta yi. Na ce to, a sa na ƙarfe, kuma a ɗora shi bisa katanga inda mai wucewa zai gani. Ya ce, “Uwar Saudatu, Malam zai yi fushi.” Na ce ni zai yi wa.

Zinariya ta zo har zaure tana kuka, wai in bari kar ta raba ni da ɗan'uwana. Na shigo da ita, muka ci tuwo kwano ɗaya, ƙofa a buɗe.

Masu sayen ƙosai wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Saudatu ce ke ɗura duron yanzu, ba ni na sa ta ba. Bututun da na samu gajere ne, sai Zinariya ta miƙa ƙwarya ta tara, amma za mu yi haka nan. In ka zo, gidanka ne. In ba ka zo ba, zan ci gaba da gaishe ka.

Hawwa'u

Kurfi, 15 ga Satumba

Hawwa'u,

Har yanzu ban yarda da abin da kika yi ba. Hudu direba zai sauke miki dogon bututu ranar kasuwa. Kar kowa ya san daga wurina ya fito.

Ilu

Dutsin-Ma, 19 ga Satumba

Yaya,

Bututu ya iso, an ɗaura, ruwa na zuba har cikin randa. Allah ya saka da alheri. Na faɗa wa kowa kai ka aiko, da Dada na fara.

Ƙanwarka, Hawwa'u