Alabenka Yana Ƙarƙashin Faifai

Yaya Lauwali,

Ka tafi masallaci, ni kuwa ba zan iya jiran dawowarka ba. Alabenka ya samu. Yana cikin ƙwaryar Inno, ƙarƙashin faifai. Takardar harajinka tana ciki. Ban taɓa komai ba sai ahu ɗaya, wato kobo ɗaya da rabi, na sayi goro.

Ba a kasuwar Gwiwa aka sace shi ba. Ranar Laraba na ɗauki farar rigarka ba da saninka ba, na ɓoye don zuwa zance wurin Dela a Roni. Ashe alaben yana aljihunta. Jiya na tsuguna gaida mahaifin Dela, sai alaben ya faɗo tim a gabansa. Tsohon ya ce, "Madalla, yaro ya zo da shirinsa!" Da ƙyar na karɓo shi.

Ka yafe mini. Na san ni na fi kowa tsine wa ɓarawon, kuma ni na matsa a je wa Malam Hussaini ya ja masa Yasin, cikinsa ya kumbura. Malam ya ce yau da hantsi zai fara.

Don girman Allah, Yaya, kada ka tsaya shan koko. Ruga ka ce masa a fasa. Tun asuba cikina yake ƙugi. Wataƙila wake ne, amma kada mu gwada.

Na bi fatake zuwa Babura, can bakin iyaka. In ka tarar Malam ya riga ya fara, ka tambaye shi ko abin yana tsallaka iyakar Faransi.

Ƙaninka,
Maikasuwa