Wanzamin da Ka Turo wa Baba

Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Fatakwal? Ya Anti Falmata da yara? Ina fata kowa lafiya. Mu dai nan Hausari ba lafiya ba, kuma ka san dalili.

Ranar da bakin Baba ya karkace yana alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, har na tare napep zan kai shi asibiti. Kai ka bugo waya ka ce kar in kuskura, wai iska ce ta buge shi, allura ƙarasa shi za ta yi. Ka turo wanzami daga Danchuwa, kwana uku yana kafa masa ƙaho a kafaɗa.

Da muka je daga baya, likita ya nuna mini hoton kansa. Ya ce babbar jijiyar jini ta hagun ƙwaƙwalwa ce ta toshe, wadda ke ciyar da wurin magana da hannun dama. Ciwo yana cikin kai, mu muna ta tsaga kafaɗa! Ya tambaye ni me ya tsayar da mu.

Kar ka ƙara turo mini mai magani. Ka sa shi a addu'a, ka gaida yara, sannan ka zo da ƙafarka. Ni ke juya shi, ni ke ba shi kunu a cokali, amma kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa, ita yake maimaitawa tun safe: Bukar.

Ƙanwarka,
Hajara